Lambar da ta hana wata yarinya kofi

Wannan makon na miƙa makullin ofishin malaman lissafi bayan shekara 11. Abokan aiki sun ce in rubuta abin da na koya, amma duk lokacin da na ɗauki biro, lamba ɗaya ce ke tsaya mini a rai: 4,294,967,297.

Ni aka ɗora wa tsara tambayoyin gasar kacici-kacici ta makarantun shiyyarmu. A zagayen ƙarshe na sa wannan: shin lambar nan firam ce, wato ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta? Asalinta 2 ce guda 32 aka ninka da juna, aka ƙara 1. 'Yan gidansu da suka gabace ta, waɗanda aka samu ta irin wannan hanya da 2 guda 1, 2, 4, 8 da 16, wato 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk firam ne. Na gwada ta da ƙananan firam har zuwa 97, babu wadda ta shiga. Dare ya yi, na rubuta "E" a takardar amsa na kwanta.

Ranar gasa wata yarinya 'yar aji biyar ta miƙe ta ce, "Malam, ba firam ba ce, 641 na raba ta." Na dubi takardata na ce ba daidai ba. Da makin nan abokan karawarsu suka ɗauki kofi. Bayan an watse ta same ni a bakin ƙofa, ta miƙo mini bayan wata takarda. Ta ninka 641 da 6,700,417 da hannu, layi uku, jimla ta fito cif. "Malam, don Allah a duba," iyakar abin da ta ce ke nan, idonta ya ciko.

A daren na koma littafi. Bafaranshen masanin lissafin nan Fermat ya yi irin zatona tun 1640, sai a 1732 wani masanin lissafi, Euler, ya gano 641. Abin da ya fi cin raina shi ne hanyar: duk firam ɗin da zai raba lambar dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1. Wato 193, 257, 449, 577, sai 641. Gwaji biyar kacal. Ni kuwa na raba dare a kan 7 da 11 da 13, waɗanda tun farko ba su da hanyar shiga.

Da safe na je wurin shugaban kwamiti na roƙi a gyara sakamakon. Ya ce, "Malam, an ba da kofi, an ɗauki hoto, a bar kaza cikin gashinta." Ko wasiƙar ban haƙuri ya hana a rubuta. Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba, amma binne shi da aka yi har yau yana mini ciwo. Da kuɗin motata na je makarantarsu, na tsaya gaban ajinta na rubuta lissafinta a allo, na ce ita ce mai gaskiya.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka tsara tambaya kai kaɗai. In ɗalibi ya kawo hujja, a tsayar da agogo a saurare shi, ko da manyan baƙi na zaune.

Wanda zai gaje ni zai tarar da fayil ɗin gasar a durowa ta biyu. Tambaya ta 20 na gyara ta da jan biro, takardar yarinyar kuma tana maƙale a jikinta, kada a cire.