Asabar a Jidda: atisayen magana kan sayayya

Yau Asabar babu aiki, saboda haka na keɓe yinin gaba ɗaya domin sashen magana na jarrabawar Turanci ta IELTS, kuma batun da Malam ya zaɓa mana shi ne sayayya. Sashen ba shi da tsawo, tsakanin minti 11 ne zuwa 14, an kuma raba shi gida uku. A kashin farko, wanda yake ɗaukar minti 4 zuwa 5, ana tambayar mutum al'amuransa na yau da kullum, kuma a nan ne sayayya take yawan fitowa: ko yana son zuwa kasuwa, ko shi kaɗai yake zuwa, ko ya fi son shago ko intanet. Tambayoyi ne da yaro ma zai iya amsawa da kalma ɗaya, kuma wahalarsu ke nan.

Da hantsi muka haɗu a gidan Malam, wanda Bahaushen Sudan ne da ya daɗe yana koyar da Turanci a garin nan. Ya fara da abokin karatuna, shi kuwa ya zubo wata doguwar amsa da ya haddace daga intanet, wai sayayya tana ɗebe masa gajiya kuma yana jin daɗin yawo a manyan kantuna tare da abokansa. Malam ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya tambaye shi da Turanci abin da ya saya jiya da kuma nawa ya biya. Nan take magana ta tsaya cak. Malam ya ce masa, "Ɗana, masu jarrabawar nan an horar da su su gane hadda, kuma da zarar sun karkata tambaya kaɗan, duk abin da ka ɗauko ya zube."

Daga nan ya bayyana mana cewa abubuwa huɗu ake aunawa: gudanar magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, nahawu, da lafazi, kuma makin yana tsakanin 0 ne zuwa 9. Babu maki don ra'ayi, babu kuma wanda zai bincika ko gaskiya ka faɗa. Sai na ce, "Allah ya gafarta Malam, to me zai hana mutum ya ƙirƙiro labari?" Ya amsa da cewa babu abin da ya hana, sai dai wanda yake ƙirƙira aiki biyu yake yi a lokaci ɗaya, yana neman labari yana kuma neman Turanci, alhali wanda ya ɗauko abin da ya sani Turancin kaɗai ya rage masa. Tsarin da ya ba mu mai sauƙi ne: a ba da amsa kai tsaye, a faɗi dalili, a kawo misali ɗaya daga rayuwa, jimla biyu ko uku, a tsaya. Ya kuma taɓo wani abu da na jima ina tunaninsa, wato tarbiyyarmu ta taƙaita magana a gaban babba. A gida ladabi ne, amma mai jarrabawa ba zai iya ba da maki a kan abin da bai ji ba.

Bayan La'asar na raka Yaya unguwar Balad, kamar yadda na saba idan za ta yi sari. Tana sayen abaya da turaren wuta da dabino tana aikawa Kano ta hannun masu dawowa daga Umra, ni kuma yau na ƙudura in riƙa bayyana duk abin da na gani da Turanci a zuciyata. A wani shago cikin kasuwar Alawi mai kayan ya faɗi kuɗin dozin, Yaya ta murza bakin abayar tsakanin yatsunta, ta ɗaga ta sama ta duba ɗinkin, sannan ta ninke ta mayar ba tare da ta ce uffan ba. Sai da muka kai bakin ƙofa ya kira ta, "Hajiya, dawo ki taya." Ta taya ƙasa sosai, ya dafe kai, aka yi ta ja har suka daidaita, ya kuma ɗora mata mayafi ɗaya gyara. Bayan duk wannan ciniki irin na kaka da kakanni, tambayarsa ta ƙarshe ita ce ko kuɗi hannu za ta biya ko shabaka, wato biya da kati, ta miƙa katin bankinta na Mada ya ɗora a kan 'yar na'urarsa.

Wannan ɗan lokaci ya ba ni abin faɗa fiye da duk amsoshin da na karanta a intanet. Idan an tambaye ni ko mutane suna neman ragi a inda nake zaune, ina da amsa mai fuska biyu: a manyan kantuna irin su Panda ko Danube farashi yana manne a jikin kaya kuma babu mai tayawa, a Balad kuwa wanda bai taya ba ya yi asara. Kalmomin da na rasa a hanya, irin na sari da sayen ɗai-ɗai da mayar da kaya, na rubuta su a waya domin in nemo su da daddare.

Kashi na uku ne ya fi ɗaukar hankalina, domin a can ake barin "ni" a koma kan jama'a, a tambayi yadda sayayya ta sauya da dalilin sauyawar. Wanda yake zaune a Saudiyya bai kamata ya rasa abin cewa ba. An fara karɓar harajin VAT na kashi 5 cikin ɗari a watan Janairun 2018, aka ɗaga shi zuwa kashi 15 a watan Yulin 2020, kuma tun daga lokacin mutane suka ƙara sa ido a kan rasiti da kwanakin rangwame. A shekarar 2020 ɗin ce kuma shafin sayayya na Souq ya koma Amazon a ƙasar nan, zaman gida na korona ya koya wa har dattawa yin oda ta waya, ga kuma rangwamen Farar Juma'a da ake yi a watan Nuwamba. Ba a buƙatar alƙaluma a jarrabawar, amma a ganina shekara ɗaya da mutum ya tabbatar da ita tana tsayar da jimla da ƙafafunta, kuma tana tilasta masa ya yi amfani da sigogin lokaci daban-daban, abin da ake yi a da, abin da ya sauya, da abin da ake yi yanzu. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake nema a ɓangaren nahawu.

A mota na tambayi Yaya ko za ta taɓa sayen abaya ta intanet. Ta ce, "Kai ma ka san ba zan sayi yadin da ban taɓa da hannuna ba." Amma duk masu sayen kayanta a Kano hoto kawai suke gani a WhatsApp su turo kuɗi. Da na nuna mata haka sai ta yi dariya ta ce ai su hannunta suka yarda da shi. Na ajiye wannan a matsayin misalina idan aka tambayi abin da ya sa wasu suke tsoron sayayya ta intanet, domin maganar duka ta amana ce.

Bayan Isha na gwada kashi na biyu, inda ake ba mutum kati da minti ɗaya ya yi 'yan rubuce-rubuce, sannan ya yi magana har zuwa minti biyu. Katin ya ce in bayyana wani abu da na saya na ji daɗinsa, sai na zaɓi tsohon firjin da na samo a kasuwar Sawarikh da ke kudancin Jidda: yadda na sa aka jona shi a wuta kafin in biya, da rigimar kuɗin mai ɗauko shi, da yadda har yau yake aiki. Lokacin ya cika ban gama ba. Na naɗi muryata na tura wa Malam, ya maido da saƙon murya yana cewa kada in damu da karin harshe muddin ana fahimtata, amma in kula da sautin "p", wanda Hausa take ja zuwa "f" Larabci kuma yake ja zuwa "b", kuma kalmomin sayayya cike suke da shi. Ya ƙara da cewa kalmar Larabcin nan "ya'ani", ma'ana "wato", tana kutsowa bakin duk wanda ya zauna a ƙasar nan, gara a ɗan yi shiru a madadinta. Asabar mai zuwa zai yi mana tambayoyi a kan talla, da dalilin da yake sa mutane sayen abin da ba su da buƙatarsa.