Inda Na Kai da Hoton Fadama da Gonaki

'Yan'uwa masu koyon ɗaukar hoto, ga inda aka kwana. Tun daga ƙarshen rani zuwa yanzu da kaka ta kankama, na mai da hankali ne kan fadamu da gonaki, kuma abin da ya fi ciyar da ni gaba shi ne sanin lokutan aikin manomi. Saitin kyamara kam, mako biyu ya ishi mutum ya riƙe shi. Sanin yaushe ake huɗa, yaushe ake dashen shinkafa, yaushe dawa ke fitar da kai, wannan sai da tambaya da yawan takawa.

Bari in fara da rana, don ita ce ke wahalar da mu a nan. Kaduna na wajen digiri 10 da rabi ne arewa da ikwaita, saboda haka rana a miƙe take hawa. Lallausan hasken nan na safiya da ƙyar yake kai rabin awa kafin ya yi kaifi. Wanda ya tsaya karin kumallo ya makara. Ni dai da an sallame Asuba nake kama hanya, in isa wurin da sauran duhu, in kafa ƙafar kyamara in jira. Zuwa ƙarfe takwas inuwa ta fara gajarta, gona ta baje ba fasali, sai a naɗe kaya. Da yamma kuma daga bayan La'asar sosai zuwa kiran Magariba.

Bakin Kogin Kaduna shi ne makarantata, musamman lambunan da ke bayan Malali da Unguwan Rimi da Kabala. Wanda bai taɓa gwada hoton ruwa ba ya fara da wurin shaƙatawa na Gamji, inda tsohuwar gadar Gwamna Lugga take, wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka ɗauko ta zuwa Kaduna a 1954. Tsaye take ba ta motsi, sai ka gwada saiti iri-iri a kanta ba mai hanzarta ka. Da rani ruwa kan janye, duwatsun tsakiyar kogi su fito, masu noman rani su biyo gaɓa da latas da kabeji da alayyafo, fangali-fangali. Da marka kuwa, a watan Agusta, ruwan ja ne wur, kuma gaɓar na zaftarewa. Kada wanda ya matsa baki don neman hoto.

Saitin da na zauna a kai ba wani dogo ba ne: ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 100, ƙofar haske f/8 zuwa f/11, hoto kuma a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, domin in samu damar ceto sararin sama wajen gyara. Sabon abin da na ƙara shi ne gilashin rage ƙyalli, wanda ake kira CPL. A gonar shinkafa bayan ruwan dare, kowane ganye ƙyalli yake yi, koren ya fito fari-fari. Kana murɗa gilashin a hankali sai ka ga ƙyallin ya kwanta, ainihin koren ya bayyana. Ya fi aiki in rana na gefenka, ta dama ko ta hagu. Amma fa yana cin haske, kuma in hoton gajimare a kan ruwa kake so, shi ne zai share maka shi. Ranar da aka yi dashe, fangali cike da ruwa, sama kwance a ciki, cire shi nake yi in sa a aljihu.

Matsalar ƙasarmu ita ce shimfiɗa. Ka tsaya a tsayinka ka ɗauki gona, abin da za ka samu layi ne guda, rabi sama rabi kore, ba abin da ido zai kama. Dabara biyu ce ta fisshe ni. Ko dai in nemi tudu, ko bayan a-kori-kura in direba ya yarda, ko kuma in durƙusa har kyamara ta kusa taɓa ƙasa. A watan Yuni, bayan huɗa, kunyoyi sabbi ne, hasken gefe na zuba inuwa a kowane kwari, su ja ido tiryan-tiryan har gindin wata ɗorawa ko giginya. Sati uku kacal in masara ta rufe, wannan hoton ya tafi sai baɗi. Gawo ma ku riƙa lura da shi: da damina yake kakkaɓe ganye, komai kore shar shi kaɗai tsirara, da rani kuma ya yi lif alhali ko'ina ya bushe. Duk lokacin da ka same shi, ya bambanta da abin da ke kewaye da shi.

A hanyar Zariya akwai wurare masu kyau, daga Maraban Jos zuwa Birnin Yero, sai fadamun Galma, in ka zarce kuma gonakin raken Makarfi. Jan kunne ɗaya: da ka doshi Jaji, kyamara ta koma jaka, haka ma a kowane shingen jami'an tsaro. Kuma kafin ka sauka daga kwalta zuwa kowane ƙauye, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar. Sun fi kowa sani.

A wata fadama ta wajen Galma na iske wani dattijo yana ta fama da injin ban-ruwa, wandonsa naɗe har gwiwa, laka ta bushe a ƙaurinsa ta tsattsage.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba."

"Wa alaikumus salam. Yauwa, samari. Awon fili ne, ko na rabon taki?"

"Ko ɗaya, Baba. Hoton gonar nan nake so in ɗauka, in ka ba ni izini."

Ya dube ni, ya dubi ƙafar kyamarar, ya yi dariya. Da na nuna masa wanda na ɗauka a baya sai ya karkata kai ya ce, "Ai ka yi sauri. Yanzu ciki ta yi. Ka dawo in ta fitar da kai ta soma ja, ka zo da sassafe raɓa ba ta kaɗe ba." Na koma yadda ya ce, kuma hoton shinkafar da na fi alfahari da shi ke nan a bana. Tambayarsa ta farko ma abin lura ce. Baƙo da na'ura mai ƙafa uku a bakin gona, mutane awon fili suke fara kawowa a ransu, kuma suna da hujja. Sallama, bayani, sannan a bi gefen kunya ba a taka shuka ba. In mata na aiki a wurin, sai da yardarsu, in babu a juya kyamara wani gefen.

Jirgin ƙasa na Rigasa zuwa Idu, wanda ya fara jigila a 2016, na gwada shi ma. Ka manna bakin kyamara kusa da gilashin taga, shota (saurin ƙiftawar kyamara) 1/1000 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, ka nufi abin da ke nesa, don na kusa wucewa yake fuu. Yawancin hotunan sharewa ake yi.

Inda har yanzu nake fafatawa shi ne balbela. Fara ce fat, bayanta kore mai duhu, kyamara sai ta auna koren ta ƙone tsuntsuwar, gashinta ya zama farin tabo kawai. Rage haske da mataki ɗaya na taimakawa, sai dai gonar kan yi duhu, a dawo ana ɗaga ta a kwamfuta. Wanda ya samu hanyar da ta fi wannan ya taimaka mana.

Ina so in gyara hannuna a kan wannan ne saboda tafiyar da nake shiryawa da hunturu zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, wanda wani ɓangarensa ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2000. A lokacin ne tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suke sauka, su haɗu da namu, irin su ɗinya da zalɓe da kirinjijiya, musamman wajen Dagona a Jihar Yobe. Ciyawar kachalla ta cinye hanyoyin ruwa da yawa a can, kuma ta fi mutum tsayi, don haka sai da kwalekwale da ɗan gari mai sanin mashiga. Ƙafar kyamara ba ta da amfani a kwalekwale, shota ce za a ɗaga. Ga kuma hazo: yana kashe shuɗin sama, CPL ba ya ceto shi, amma yana jera itatuwa sahu-sahu, na kusa baƙi, na nesa toka-toka, rana kuma ta zama faifai da ake iya saka ta cikin hoto. Saboda ƙura na tanadi robar hura iska da jakar leda mai zif, gilashin kyamara (lens) guda zan ɗaura tun daga gida, ba zan canza shi a fili ba.