Tsabar da baiwar Allah take so

Tun da muka daina surfe a turmi muka koma kai hatsi inji, tsakar gidanmu a nan Daura ta yi shiru. Ban farga da wuri ba. Sai wata safiya cikin hunturun bara, ina shanya wanki, na tuna rabona da ganin 'yar tsuntsuwar nan baiwar Allah tana tsalle a gindin turmi har na manta. Lokacin da Inna take da rai, in ta gama bakace ba ta bari a share abin da ya zube. Cewa take rabon tsuntsaye ne, wanda ya share ya ci haƙƙi.

Ranar na ɗebi dawa cikin tafin hannu biyu na zuba a tsohon faifai, na ɗora kan katanga. Kwana uku kurciyoyi ne kawai suke sauka, sai gwara jefi-jefi. A rana ta huɗu wasu ƙwayoyi suka zubo ƙasa, sai ga baiwar Allah guda biyu, namijin ja wur da ɗan zobe rawaya a ido, macen ruwan ƙasa. Ina zaune bakin ƙofar ɗakin girki, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Namijin ya ɗauki ƙwayar dawa, ya juya ta a baki, ya sake juyawa, ya yar. Ya ɗauki wata, ita ma ya yar. Tsuntsun da tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, ina zai kai ƙwayar dawa? Kurciya haɗiye tsaba take ɗungurungum. Shi kuwa sai ya murƙushe ta a baki ya ɓare kafin ya ci, abin da bakin bai iya kamawa ba kuma ba abincinsa ba ne.

Sai na sauko da komai ƙasa, gindin bedi. Na jera murafen tukunya uku: ɗaya dawa, ɗaya gero, ɗaya tsakin gero. Kusan wata guda ina kallo kowace safiya bayan yara sun tafi makaranta. Baiwar Allah da asisi, mai shuɗin ƙirji wanda namijinsa ke da jan tabo a kunci, tsaki suke fara dira a kai. Sai ya ƙare su koma kan gero, nan ma ƙananan ƙwayoyi suke tsinta. Gwara ba ta da zaɓi, duk inda ta samu ci take. Dawa ta kurciya ce. Na gwada riɗi sau biyu, tururuwa ce ta kwashe.

Abin da ya fi ba ni mamaki acca ce. Matar yayana ta kawo mini tsarabar tiya guda daga Jos, na ɗan barbaɗa kaɗan don in gani. Ba su kalli tsaki ba sai da suka tsince ta tas, har suna tona ƙasa da baki. Da na faɗa wa ɗana da ke karatun aikin gona, ya ce, "Umma, ai acca da harkiya 'yan gida ɗaya ne. Abincinsu na daji kika kawo musu." Nan na gane. Waɗannan tsuntsaye tun asali 'ya'yan ciyawa suke ci, harkiya, komayya, guɗe-guɗe, duk ƙanana kamar rairayi. Gero ma haƙuri suke yi da shi. Acca dai ta yi tsada a ce kullum ita za a zuba, don haka sai ranar Juma'a nake ba su.

Ɗan nawa ne kuma ya nuna mini yadda ake yi a Amurka da Ingila. Can rataye wani bututu suke yi a bayan gida, su cika shi da wata baƙar tsaba siririya da ake nomawa a Habasha da Indiya, tsuntsayensu su maƙale suna zara ɗaya-ɗaya. Ya ce ko a can, in an gauraya da dawa, ƙananan sukan watsar da ita ƙasa. Namu dai ba na rataya ba ne. A ƙasa suke kiwo, kusa da inda za su faɗa su ɓuya in shirwa ta gifta.

Maigida bai so abin ba da farko. Manomi ne, ya san ranar da jan baki ya sauka a gonar gero kamar hayaƙi, ya bar zangarniya fayau. Ya ce, "Hatsin da muke yini muna korar tsuntsu a kansa, shi kike zuba wa tsuntsu?" Na ce, "Malam, wannan ba jan baki ba ce. Bibbiyu take zuwa, kuma abin da ya faɗi ƙasa take tsinta." Ban ga laifinsa ba, wanda ya taɓa asarar gona dole ya tsargu da duk mai fiffike. Amma abin da suke ci a mako bai kai abin da ke zubewa a bakin injin niƙa a yini ɗaya ba.

Da kaka, sa'ad da ciyawa ta nuna, ba su cika zuwa ba. Cikin bazara ne, daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, suke taruwa har in ƙirga goma sha biyu, kuma a lokacin kaskon ruwa ya fi tsaba jan su. Sau biyu nake canja ruwan, don kafin azahar ya yi zafi.

Yanzu damuwata kyanwar maƙwabta ce. Ta gano wurin, tana laɓewa bayan randa. Na matsar da murafen kusa da ƙayar magarya da na jingina a jikin zana, inda ba za ta iya kutsawa ba. Shekaranjiya na ga namijin ya ɗauki farin gashin kaza a baki ya shige rufin rumfa, ya fito, ya koma da wani. Na hana yara hawa wurin.