Godiyar gidanmu bayan walimar Yaya

Assalamu alaikum. A madadin Inna da dukan gidanmu na Birni, ina miƙa godiya ga duk wanda ya taka ƙafa zuwa walimar da muka yi ranar Asabar, ta murnar Yaya ya ajiye kaki lafiya bayan kusan shekara 30 yana tuƙa jirgi mai saukar ungulu. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Malaman Garin Malam da suka sauke mana Alƙur'ani tun da asuba, mun gode. Maƙwabta kuma ba mu da bakin gode muku. Kun san halin Damagaram da ruwa, famfo ya ɗauke tun jajibiri, amma kafin hantsi jarkokinku sun cika mana zaure.

Abokan karatunsa na Lise Amadu Kuran Daga sun zo da tsiyarsu, wai tun yana aji in jirgi ya wuce shi ke fara leƙa taga. Ba su yi ƙarya ba. Daga nan ya shiga makarantar hafsoshi, ya koyo tuƙi, ya zauna Yamai, ya zauna Agadas, ya tuƙa Mi-17 ƙirar Rasha, ya hau Gazelle ɗin da Faransa ta kawo a 2013. Mu dai galo muke gani yana ƙaruwa a kafaɗa, sauran bai taɓa ba mu labari ba.

Lokacin da ya fi mana tsawo shi ne 2015, da Boko Haram suka auka wa Bosso aka tura su Yaya Diffa. Sai a yi kwana goma wayarsa ba ta shiga. Inna in ta ji ƙugin jirgi sai ta saki muciya ta fito tsakar gida, hannu bisa goshi, ta bi shi da ido har ya ɓace. Matan unguwa da kuka riƙa zuwa kuna taya ta zama bayan la'asar, kuna janye mata rediyo da dabara, ba mu manta ba.

Akwai wani dattijon makanike da ya yi tafiyar kusan kilomita 900 daga Yamai a motar haya. Yaya na ganinsa ya miƙe tsaye, ya kama hannunsa ya kai shi gaban Inna. Ya ce: "Inna, ga wanda yake duba mini inji. In zan sauka a rairayi, farfela kan tayar da ƙura har in daina ganin ƙasa. A lokacin, bayan Allah, aikinsa kawai na dogara da shi." Inna ta riƙe hannun dattijon, wanda duk ya yi kanta, ta daɗe tana sa albarka. Baba, mun gode, Allah ya maishe ka gida lafiya.

Abokan aikinsa da ba su dawo ba, an yi musu addu'a kafin a taɓa abinci, haka Yaya ya nema. Allah ya jiƙansu, ya raya abin da suka bari.

Wanda gayyata ba ta iske ba ya yi haƙuri, laifina ne, ni aka ɗora wa rabon goro. Masu kwanuka da tabarmi kuma, yara za su zaga da su gobe in Allah ya kai mu.