Kin dawo gida daga tiyatar fatar ido? Kada ki gasa, kada ki sunkuya

Ƙannena masu niyyar zuwa a rage musu fatar ido, ko a cire kitsen da ke kumbura ƙasan ido, akwai kurakuran da ke ɓata aikin da a gida ake yin su, cikin satin farko. Biyu daga cikin kurakuran nan ni ma na tafka su, gashi da sunkuyo, shi ya sa zan fara da su.

Mun saba duk inda ya kumbura a gasa shi da ruwan zafi. A nan gashi ɓarna yake yi. Zafi yana buɗe ƙananan jijiyoyin jinin da likita ya toshe, sai kumburi ya ƙaru, jini ya kwanta a ƙarƙashin fata har ya gangaro kumatu. Kwana biyu zuwa uku na farko sanyi ake so. Ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, ki matse, ki ɗora a kan ido a rufe minti 10 zuwa 15, ki maimaita duk bayan awa ɗaya muddin ba barci kike ba. Kada ƙanƙara ta taɓa fatar kai tsaye, domin wurin bai gama farfaɗowa daga allurar kashe zafi ba, za ta iya ƙona ki ba ki ji ba. Kuma kada hankalinki ya tashi in kin wayi gari rana ta biyu ko ta uku idon ya fi jiya kumbura. Lokacin ne kumburin ke kai ƙarshensa, daga nan sai saɓewa.

Sunkuyo ya fi wuyar kiyayewa, domin ba a lura an yi shi. Shara, wanki a baho, ɗaukar yaro, ɗaura igiyar takalmi, duk suna tura jini zuwa kai, matsin yana iya ɓalle jijiyar da ta fara warkewa. Ki haƙura da su sati ɗaya zuwa biyu. In abu ya faɗi, ki durƙusa da gwiwa kanki a miƙe. Sujada ma haka take, ki tambayi likitanki ranar da za ki koma, kafin nan shari'a ta yi wa marar lafiya rangwamen yin salla a zaune da nuni. Barci kuwa a rigingine, da matashi biyu ko uku, kai ya fi ƙirji tudu.

Idan zafi ya dame ki, farasitamol. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna hana jini daskarewa da wuri, kuma akwai hodar ciwon kai da ake sayarwa a kemis mai asfirin a ciki, ki duba kwalin kafin ki sha. Mai hawan jini kada ta tsallake maganinta ko na rana ɗaya. Sigari da shisha suna jinkirta warkewa.

Ɗinkin siriri ne kamar gashi, yana kwance a cikin ninkin fatar. Za ki ga ɗan busasshen jini a jikin zaren. Kada ki ɓamɓare shi da farce. Ki wanke hannu, ki jiƙa auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, ki dangwala a hankali, sannan ki shafa man da likita ya ba ki kaɗan. Man yakan sa gani ya yi hazo-hazo na ɗan lokaci. Yawanci ana cire zare tsakanin kwana 5 zuwa 7.

Kwalli, gazal da gashin ido na kanti su jira aƙalla sati biyu, ko da bikin wa ake yi. Tsinken kwalli yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, gogewa da dare kuma jan fata ne. Saboda kumburi ido ba ya rufuwa ruf a kwanakin farko, sai ya bushe ya riƙa yi kamar an zuba yashi. Maganin ɗigawa mai jiƙa ido shi ne taimakonsa. Ki nisanci hayaƙin itace da turaren wuta, kada fanka ta riƙa hura miki fuska, in za ki fita kuma ki sa baƙin tabarau, musamman da hunturu. Kwantaccen jini yakan washe cikin kwana 10 zuwa 14, tabon kuma sai ya yi watanni kafin ya dushe.

Abu ɗaya ne ba a kwana da shi. Idan ido guda ya kama ciwo mai tsanani farat ɗaya, ya yi tauri, ya turo waje, ko gani ya ragu, mai yiwuwa jini ne ke taruwa a bayan ƙwayar ido yana danne jijiyar gani. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ya fi zuwa a ranar farko, kuma cikin awa ɗaya zuwa biyu gani zai iya tafiya gaba ɗaya. Kafin ki bar asibiti ki karɓi lambar da za a kira da dare, a samu wanda zai kwana kusa da ke, a kuma san motar da za a shiga ko da ƙarfe biyun dare ne.