Yadda na tsara ƙahonin halittun wata duniya

Ina rubuta labarin wasu halittu da ke rayuwa a wata duniya daban, kuma suna da ƙaho: na wani dogo mai lanƙwasa, na wani ɗan guntu, wani kuwa babu sam. Ban yarda in bar wannan bambanci a matsayin ado ba, sai da na nemo masa dalili daga dabbobinmu.

Na fara da abin da aka gina ƙahon da shi. Na karkanda keratin ne zalla, irin abin da ke cikin farce da gashi. Na saniya kuwa ƙashi ne mai jijiyoyin jini a ciki, kube na keratin a waje, kuma ba ya faɗuwa. Shi na ɗauka, domin ƙahon da jini ke zagayawa a cikinsa yana fitar da zafin jiki. Sai na ba mazauna filayen zafi faffaɗan ƙaho, na ba na tsaunukan sanyi gajere mai kauri.

Inda na fi daɗewa shi ne tambaya guda: idan mai babban ƙaho ne ke cin faɗa ya samu mata, me zai hana masu ƙaramin ƙaho su ƙare? Tumakin Soay na tsibiran St Kilda a Sikotilan suka ba ni amsa. Binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna ƙwayar gado guda, RXFP2, ce ke da babban tasiri a girman ƙahonsu. Ragunan da suka gaji babban ƙaho sun fi haihuwa, masu gadon ƙarami sun fi tsawon rai, waɗanda suka haɗa gadon biyu kuma suka fi kowa riba. Shi ya sa babu nau'in da ya ɓace. Wannan ya burge ni ƙwarai, na ɗora halittuna a kansa.

Buzuzun Onthophagus ya ƙara mini abu ɗaya: namijin da ya ƙoshi yana tsutsa shi ke yin ƙaho, wanda ya sha yunwa ba ya yi. Don haka 'ya'yan shekarun fari a labarina ƙahonsu tsumburarre ne, kowa na gane su daga nesa.

Kuma duk wanda na ba shi babban ƙaho, dole na ba shi kaurin wuya da ƙarin ci. Ƙahonin ragon dutse na Amurka kan kai kilo 14, ba kowane wuya ke ɗaukar wannan ba.