Ai yaro ne, me zai haɗa shi da ciwon zuciya?

Watanni kaɗan da suka wuce ɗan baffana ya kwanta a asibiti, shekararsa 36, siriri ne ko teɓa ba shi da ita, ƙwallo ma yana bugawa duk ƙarshen mako. Kwana biyu yana jin ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutse, ciwon na gangarowa hannun hagu, ga zufa, mu kuma duk muka zama likitoci muka ce olsa ce, har da ni a masu cewa ya sha maganin olsa ya kwanta. Ashe jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe. Allah Ya sa da sauran shan ruwa, aka zura masa ɗan siririn ƙarfen nan da ke buɗe jijiya, ya tashi.

Abin da ya tsaya min a rai tambayar da likitar ta fara yi masa ce. Ba ta ce me kake ci ba, cewa ta yi, "Malam, mahaifinka yana da rai?" Ya ce a'a. "Yana da shekara nawa ya rasu?" Ya ce 49, faɗuwa kawai ya yi. Sai ta gyaɗa kai ta yi rubutu. Wallahi shekara da shekaru muna ba da labarin rasuwar Baffa, ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa akwai abin da ya bar mana a jini.

Tun daga nan na shiga karance-karance, kuma farkon abin da na gane shi ne ciwon nan ba ranar da mutum ya faɗi yake farawa ba. A 1953 wasu likitocin sojan Amurka sun fitar da binciken da suka yi a kan gawarwakin sojoji 300 da aka kashe a yaƙin Koriya, samari ne ƙarfafa, tsaka-tsakin shekarunsu 22, amma kusan kashi 77 cikin 100 an ga alamun kitse ya fara taruwa a jijiyoyin zuciyarsu. Wato kusan kowa ya fara, saurin tafiyar ne ya bambanta. Kuma ba kamar yadda nake zato ba ne da, wai kitse na cika jijiya kamar datti a bututun ruwa. A cikin bangon jijiyar yake shiga ya zauna, jiki ya yi ta faɗa da shi wurin ya kumbura kamar maruru, to ranar da marurun nan ya fashe sai jini ya daskare a kansa ya rufe hanya cikin 'yan mintoci, shi ya sa za ka ga wanda jiya lafiyarsa lau har ya yi gudu yau an kwashe shi ranga-ranga.

To me ke sa na wani ya yi sauri haka? A gidanmu dai gado ne. Akwai larurar da hanta ba ta iya kwashe mugun kolastarol ɗin nan da ake ce wa LDL daga jini yadda ya kamata, tun ranar da aka haifi mutum nasa a sama yake, sai ya zama ɗan shekara 35 jijiyoyinsa sun sha wahalar da ta dattijo ta sha. Kusan mutum 1 cikin 250 na ɗauke da ita, mafi yawansu ba su ma sani ba, kuma in uba ko uwa na da ita kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Wasu likitoci biyu 'yan Amurka, Brown da Goldstein, sun samu kyautar Nobel a 1985 saboda gano yadda abin ke aiki. Wani lokaci ma tana nuna kanta a waje, agara ta yi kauri ko ta yi ƙulu-ƙulu, ko farin zobe ya zagaye baƙin ido tun mutum bai kai 45 ba. Irin wannan ciwon na gado, ramewa ba ta hana shi, motsa jiki kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da magani. Akwai kuma wani ɗan uwan LDL ɗin da ke yawo a jini, lipofurotin-a, da wani masani ɗan Norwe ya gano a 1963, shi ma gadonsa ake yi, kusan mutum 1 cikin 5 nasa ya yi yawa, kuma gwajin kolastarol na yau da kullum ba ya nuna shi sai an nema musamman.

Amma kar kowa ya laɓe a bayan gado fa. Ɗan baffan nawa yana shan sigari, a ɓoye wai don kar manya su gani, kuma a cikin matasan da bugun zuciya ke kayarwa taba ce kan gaba. Hayaƙin na gurje fatar cikin jijiya, yana sa jini saurin daskarewa, yana sa jijiyar ta tsuke, to ka haɗa wannan da kitsen gado ka ga an zuba wa wuta fetur. Masu shisha da ke cewa ai ruwa na tace hayaƙin, haba dai, ruwan sanyaya shi kawai yake yi ka ƙara zuƙa da yawa. Akwai ma cutar da kusan masu taba kaɗai take kamawa, wani likita Leo Buerger ya bayyana ta a 1908, ƙananan jijiyoyin ƙafa da hannu ne ke kumbura su toshe, yawanci a maza 'yan ƙasa da 45, yatsu su yi baƙi har a kai ga yankewa, kuma abin da ke tsayar da ita shi ne a bar tabar kwata-kwata. Hodar iblis kuwa tana iya matse jijiyar zuciya nan take ko da babu kitsen komai. Sai allurai da ƙwayoyin ƙara ƙwanji da wasu samari masu ɗaga ƙarfe ke ɗirka wa kansu, jiki ya murɗe a waje, a ciki kolastarol ya lalace.

Hawan jini da ciwon suga da ƙiba kowa ya san su, ba sai na ja ba, illa dai yanzu da wuri suke zuwa, wanda suga ta kama yana 25 kafin ya kai 40 ta yi shekara 15 tana cin jijiyoyinsa shiru. Ciwon ƙoda ma haka, da cuta mai karya garkuwar jiki, da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita irin su lufus, duk suna tsufar da jijiya kafin lokacinta.

Ɓangaren mata ne ya fi ba ni mamaki gaskiya. Akwai yanayin da bangon jijiyar zuciya ke tsagewa da kansa, babu kitse babu taba, jini ya kutsa tsakanin bangon ya danne hanya, kusan 9 cikin 10 na masu samunsa mata ne, wasu ma a makonnin farko bayan haihuwa, mai jego ta ce ƙirjinta a ce mata gajiya ce. Wadda ta yi hawan jinin ciki ko jijjiga ita ma haɗarinta na gaba ya ƙaru, ya kamata ta riƙa faɗa wa duk likitan da ta gani ko bayan shekara goma ne. Akwai cutar Takayasu da ke kumbura manyan jijiyoyi, ta fi kama 'yan mata da matan da ba su kai 40 ba, har a taɓa hannu a rasa bugun jini. Yara ma ba su tsira ba, cutar Kawasaki da wani likitan Japan ya bayyana a 1967 tana kama 'yan ƙasa da shekara 5 da zazzaɓi mai naci da jan ido da jan leɓe, in ba a yi magani ba kusan 1 cikin 4 jijiyoyin zuciyarsu na buɗewa su yi kumburi. Ga kuma sikila, da ke lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa har yaro ƙarami ya samu shanyewar ɓarin jiki.

Ma'aunin da likitoci ke bi mai sauƙi ne, in mahaifinka ko ɗan uwanka namiji ya samu ciwon kafin 55, ko mahaifiya ko 'yar uwa kafin 65, to ka faɗa a gwada ka, kuma babba in LDL ɗinsa ya haura 190 a ma'aunin mg/dL na takardar gwaji ana zargin na gado ne. Mu dai bayan an sallamo shi sai muka yi gayya muka je aka ɗebi jininmu, mu bakwai. Ni nawa ya fito daidai, har na ji wata irin kunya don na fi kowa tsorata. Ƙanwarsa mai shekara 29, wadda ta fi mu duka kula da jikinta, ita ce nata ya haura 230, an ɗora ta a kan magani. Yaransa biyu kuma likitar ta ce a kawo su a gwada kafin su cika shekara 10, babban yana 8 yanzu, wata mai zuwa ni zan raka su don uban har yanzu bai fara tuƙi ba.